Abin da Tarwaɗa Ta Ci

A Zangon Damagaram, in ka shiga lungun da ke bayan masu walda, hancinka ne zai kai ka ƙofar Ramlatu kafin idonka. Kifin banda take sayarwa, ta kuma daɗe a sana'ar har ƙaurin ya kama zannuwanta da katifarta, ya kama har mayafin da take zuwa biki da shi. 'Yar Dakusa ce, aure ya kawo ta birni, mutuwar miji ta zaunar da ita bakin faranti. Ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin garinsu faɗi ba, amma in aka tayar da zancen kifi ba ta barin kowa ya kai aya.

Kifin daga Najeriya yake zuwa cikin kwalaye, a motar Alhaji Mai Nasara, wani Bakano mai fara'a da yawan rantsuwa, wanda ya kama rumfa a kasuwar Dole tun gemunsa yana baƙi. Can kudu yake saro shi, a wata ƙatuwar madatsa inda aka tare kogi ana juya injinan wuta da ruwansa. Baraji mutanen nan suke ce mata. A bakin barajin nan kuwa, cikin wata tunga ta bukkokin masunta, ɗan Ramlatu yake zaune, Suma'ila, namiji ɗaya tilo da Allah ya bar mata.

Shekarar da gero ya ƙi ne ya bi motar Alhaji cirani, ciranin ya zarce ya zama zama. Ba ya su. Ɗan tudu ne, rairayi ya sani, ko iyo a tafki bai iya ba. Shi ya sa ranar tafiyarsa uwar ta kama masa kunne, ƙato da shi, ta sa ya yi mata alkawarin ba zai taɓa shiga jirgi shi kaɗai ba. Ya yi dariya ya ce, “Inna, ni na wuta ne, ba na ruwa ba.” Aikin banda kuwa ya kama, masunta su kamo, shi ya naɗe ya gasa.

Tarwaɗa ba a ɗora ta kan wuta a miƙe. Lanƙwasa ta ake yi, a kawo wutsiya wajen kai a soke da tsinke, ta zama kamar gammo. Masu banda da hannun dama suke naɗi, kifinsu duk ya juya gefe guda. Suma'ila bahago ne, duk bulalar da ya sha yana ƙarami ba ta sauya shi ba, don haka nasa kifin yakan juya ɗaya gefen, kuma a tungar kaf shi kaɗai ne haka. Ran da kwali ya iso, kafin Ramlatu ta kula kowa sai ta zube shi kan tabarma ta tsince masu naɗin hagu, ta shinshina, ta jera su gefe tana murmushi ita kaɗai. Salula akwai, amma rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya kaiwa tungar, sai ranar kasuwa in ya hau tudu yake samun kiranta. Kifin ya fi wayar zuwa a kan lokaci.

Akwai kuma wani karatun da take yi wanda ba kowa ya sani ba. Ƙananan tarwaɗa ba a farke su kafin banda, da cikinsu ake gasawa. Masu tuwo kuwa ba sa son tsakuwa a miya, saboda haka kowace safiya Ramlatu takan zauna ta ɓare musu, ta cire kai, ta sa farcen babban yatsa ta ƙwaƙulo tumbin da ya bushe ya dunƙule. Wata macen da kaji za ta jefa wa. Ita sai ta murje shi a tafin hannu ta duba. Gulma ce, ta kuma san gulma ce, amma a ganinta gulmar garin da ɗanka yake zaune ba ta da zunubi.

Suma'ila ne ya koya mata, wata Sallah da ya zo gida ya zauna yana taya ta ɓara. Ya ce kowane kifi da irin cinsa. Karfasa gansakuka take kiwo, giwan ruwa ba ya cin komai sai ɗan'uwansa kifi, kurungu yana can ƙasa yana tonon katantanwa.

“Amma tarwaɗa, Inna, ba ta da ƙyama,” in ji shi. “Duk abin da ruwa ya rufe nata ne.”

Ya ce da rani masu baraji suna sakin ruwa don injin ya juya, ruwan ya ja baya, kifi ya rame, ba abin da za a samu a cikinsa sai laka da ɓawon katantanwa. Da damina kuwa sukan tare shi, ya yi ta hawa har ya shiga gonakin bakin gaɓa, tarwaɗa ta bi shi tana kiwo tsakanin kunyoyi.

Tun daga ranar tafin hannun Ramlatu ya zame mata rediyo. In ta ga fukafukan shinge ta san ruwan farko ya sauka a can, ko da a nan ana ta fita roƙon ruwa. In ta ga ƙafar fara ta san ciyawa ta tashi. In ta ga shinkafa da ƙaiƙayinta sai ta ce, “Allah sarki, ruwa ya ci gonar wani,” ta karkaɗe hannu ta ci gaba da aiki. Ba ta taɓa jin tsoron abin da take gani ba, don ko yaushe gonar wani ce.

A farkon daminar bana ta aika wa Suma'ila saƙon da ya fi so. Ba kilishi ba, ba alkaki ba, anza. 'Ya'yan wani itacen daji ne masu ɗacin tsiya, waɗanda mutanen Dakusa ba sa waiwaya sai rumbu ya yi ƙasa. Sai an jiƙa an zubar, an sake jiƙawa an zubar, an dafa, kafin su ciwu. Da anza ta raine shi a shekarun yunwa, shi kuma, don neman magana, ya girma yana sonta fiye da shinkafa. A kudu ba a san ta ba, ko sunanta ba su iya faɗa. Ramlatu ta sa aka kawo mata daga gida, ta gyara, ta shanya, ta ƙunshe a wani tsohon zaninta ta ba Alhaji.

Suma'ila ya kira yana murna. Ya ce ya rataye ƙunshin can ƙololuwar bukka, kaɗan-kaɗan zai riƙa ci don kada abokai su ƙyalla ido. Ya ce ruwa yana hawa bana ba wasa, har ya fara lasar gindin murhun bandarsa. Ta ce masa abin da kowace uwa a Damagaram za ta ce, wato ya ɗaga kayansa sama ya jira, ruwa ai wucewa yake yi. Haka ta sani. A Zango in sama ta tsage da hantsi lungu ya zama kogi, kafin la'asar ana buga ƙwallo a wurin. Daga wannan kiran ba ta sake jin muryarsa ba.

Abin da ya fara tayar mata da hankali shi ne abin da ya faranta wa kowa rai a unguwa. Kuran, wato wutar lantarki, ya daina ɗaukewa. Da can in wuta ta tafi takan ɗaga murya ta ce, “Suma'ila, ka ce su buɗe mana!” maƙwabta su yi dariya, domin ita ta riga ta yanke cewa wutar Zango daga barajin ɗanta take fitowa, ba kuma mai raba ta da wannan. Yanzu masu walda suna aiki safe da yamma ba hutu, masu firigo suna ta sayar da ƙanƙara, kowa na cewa an samu sauƙi. Ita kuwa in ta ɗaga kai ta ga ƙwan da ke rataye a zaurenta yana ci sai gabanta ya faɗi. A lissafinta, in wuta ba ta yanke ba, ruwa ne ya yi yawa. In ta kira lambarsa wata mata ce take amsawa da Turanci, kullum magana ɗaya, muryarta ba ko tausayi.

Ana haka kwali ya iso. Ba Alhaji ne ya kawo da kansa ba kamar yadda ya saba don ya sha fura ya yi surutu, ɗan kabu-kabu ya aiko. Kwalin ya jiƙe da mai har ƙasansa ya yi laushi. Ta zube shi kan tabarma, ta shiga juya kifin ɗaya bayan ɗaya. Ta gama, ta sake daga farko, wai ko idonta ne ya fara tsufa. Duk naɗin dama ne.

Tana cikin haka Ummulkhairi ta yi sallama. Maƙwabciyarta ce, mai tuwon sayarwa, kuma ita ce babbar mai sayen kifinta. Ta durƙusa ta ɗauki guda ta auna a hannu.

“Kai, Innar Suma'ila, wannan karon an yi mana adalci! Dubi mai, dubi ƙiba. Me suke ci haka a can?”

“Abin da Allah ya ba su,” in ji Ramlatu.

Ta ɓare na farko, ta murje tumbin a tafinta. Gero ne. Ta kusa karkaɗe hannu, sai ta tsaya ta matso da shi kusa da ido. Ba ƙaiƙayi a jikinsa, ba dusa, surfaffe ne fari tas. Gero kuwa ba ya surfe kansa a gona, sai mace ta sa shi a turmi. Ta ɓare na biyu ta samu 'ya'yan barkono da tsabar busasshiyar kuɓewa. A na gaba wani abu ya yi ƙyalli, ta sa farce ta warware shi, guntun takardar magi ce.

“Lafiya?” in ji Ummulkhairi. “Kin ƙura wa kashin kifi ido kamar mai duba.”

“Ba komai. Riƙe kwanonki.”

Ta cika mata kwano ta sallame ta. Wannan kifin ba a gona ya yi kiwo ba. Ya shiga madafar wata mata, ya bi ta kan murhu, ya ci daga tukunya da kwando. Ruwan da zai kai tarwaɗa cikin madafa kuwa ya riga ya wuce ƙofar ɗaki.

Ko faranti ba ta fitar ba ranar, ta yafa mayafi ta nufi kasuwar Dole. Ta samu Alhaji Mai Nasara a rumfarsa tsakanin kwalaye. Da ya hango ta sai ya shiga gyara abin da ba ya bukatar gyara.

“Alhaji, ina ɗana?”

“A'a, Hajiya, ko gaisawa ba za mu yi ba? Ruwa ne ya ɗan matsa musu, sun koma tudu. Kin san sha'anin rezo.”

“Ka gan shi da idonka?”

“Ai tungar ta watse, kowa ya kama gabansa. Wannan komawar zan bincika miki.”

“Ban ga naɗinsa ba ko ɗaya.”

“To, Hajiya, murhunsa ruwa ya ci, da me zai gasa?”

Maganar ta shiga hankali, Ramlatu kuwa ta cafke ta hannu bibbiyu, don tana neman abin kamawa. Ta yi godiya, har ta ce ya gaishe da iyali. Sai da ta kusa gida wani abu ya faɗo mata. Alhaji Mai Nasara mutum ne da ko lafiyar motarsa ka tambaya sai ya haɗa da wallahi tallahi. Yau tun daga farkon maganar har ƙarshenta bai rantse ba ko sau ɗaya.

Kwanakin da suka biyo baya kifin ya tafi kamar ana rabawa kyauta. Masu cin tuwon Ummulkhairi suka yi ta yabon miya, har wasu na tambayar ko ta sauya hannu. Ramlatu ta sayar, don ba ta da dalilin ƙin sayarwa da za ta iya faɗa da baki. Amma ita ta daina ci. Ta kai ɓarin kifi bakinta sau ɗaya, ta mayar. Da aka tambaye ta ta ce haƙori ne. Tsoro take ji, irin wanda ba ya barin mutum ya zauna ko ya tashi, kuma ta ƙi yarda ta bi tsoron ta ga inda ya nufa. Ta ƙara nafila, ta yi sadakar ƙosai, ta kira lambar har matar nan mai Turanci ta zame mata abokiyar gaba. Ƙwan zaure kuwa yana nan yana ci, don makunninsa ya daɗe da lalacewa, ɗaukewar kuran ce dama take kashe shi.

Kwali na gaba ya zo da hantsi, ya ma fi na baya nauyi. Wannan karon ba ta daɗe tana neman naɗin hagu ba, kallo ɗaya ta yi ta san babu. Ta jawo kujera ta zauna, ta hau ɓara ba don wani mai saye ba. Gero ya ragu a cikinsu, wanda ya saura ya yi baƙi. Akwai ɓawon wake, akwai wani abu mai laushi da ba ta gane ba, ba ta kuma so ta gane. Kazarta ta matso tana ƙyarƙyara, ta kore ta.

Sai ta kai kan wata tarwaɗa mai faɗin kai, cikinta ya yi tauri kamar an cusa tsakuwa. Ta murje. Wasu 'yan ƙwayoyi suka gangaro tafinta, kowace ta rabe biyu, launinsu tsakanin kore da ruwan ƙasa. Ta san su kafin ta yarda ta san su. Ta ce a ranta wake ne, ta ce gujiya ce, ta ce wani abin kudu ne da ba ta sani ba. Daga nan ta ɗauki ɗaya ta goge a zani ta ɗora a kan harshe.

Ɗacin anza ba ya fita duka, ko an jiƙa ta har hannu ya gaji. Yakan saura can ƙarshe, ya kama gefen harshe. Ruwan baraji bai cire shi ba, cikin kifi bai cire shi ba, hayaƙin banda ma bai cire shi ba. Ramlatu ta zauna da ɗacin a bakinta, ba ta tofar ba, ba ta haɗiye ba.

A duk faɗin ruwan nan ƙunshin anza ɗaya ne, ita ta ɗaure shi da hannunta, kuma a ƙololuwar bukka yake rataye. Ruwa ya kai can ke nan. Wannan ma da sauƙi, bukka ai kara ce da ciyawa. Abin da ya tsaya mata shi ne, Suma'ila zai iya hawa tudu ya bar tabarma, ya bar takalmi, ya bar rigarsa ta Juma'a, amma ba zai bar anza ba in yana da yadda zai yi.

Ta ƙulle ƙwayoyin a bakin mayafi ta koma kasuwa. Ba ta yi sallama ba. Ta kwance ƙullin ta zuba su a kan kwalin da ke gaban Alhaji.

“Ka san wannan?”

Ya duba, ya girgiza kai.

“Kai ka kai masa. A cikin kifinka na samo.”

Alhaji ya cire hula ya shafa kai, ya mayar, ya sake cirewa. Fara'ar nan da ya yi shekaru yana ciniki da ita ta zube, sai ga tsoho kawai a zaune.

“Hajiya, ki zauna.”

“Na gaji da zama. Faɗa mini a tsaye.”

“Da ruwan ya shigo tungar,” in ji shi, yana kallon ƙasa, “kowa ya kwashe kayansa ya hau tudu, har da shi. Amma bai kwaso nasa ba, ya ce ya ɗaga su sama, ruwa zai koma. Masuntan suka ce masa wannan ba ruwan sama ba ne, ruwan baraji ne, in ya hau sai rani. Ya yi musu dariya, ya ce su ba su san ruwa ba. Da ya ga ruwan ya kai wuyan bukkoki bai da niyyar sauka, sai hankalinsa ya tashi. Ya roƙi a kai shi, aka ce ya bari iska ta kwanta. Mutane sun shiga sallar azahar, ya kwance jirgin wani ya tafi shi kaɗai.”

“Shi kaɗai,” in ji Ramlatu.

“Shi kaɗai. Da la'asar aka ga jirgin a kife.”

“A ina aka binne shi?”

“Ba a gan shi ba, Hajiya. Wallahi tallahi ba a gan shi ba. An yi nema, masu nutso sun shiga, an ja taru, an bi gaɓa har inda ƙafa ba ta zuwa. Ni aka ɗora wa in gaya miki. Na zo bakin lungunku na juya. Me zan ce miki, ba gawa ba kabari? Na ce ko Allah zai sa a gan shi tukuna.”

Rantsuwar ta dawo, Ramlatu ta san yanzu gaskiya yake faɗa. Ta ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un,” muryarta ba ta ko yi rawa ba, har ita kanta ta yi mamaki. Ta tattara ƙwayoyin anzar ta mayar cikin ƙulli. Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya, domin akwai sauran tambaya ɗaya, wadda ta yi kwanaki tana gudu.

“Alhaji, kifin nan a ina ake kama shi yanzu?”

“A kan tungar mana,” in ji shi, bakin ɗan kasuwa ya riga tunaninsa. “Nan ya taru gaba ɗaya. Masunta sun ce ba su taɓa ganin...”

Bai ƙarasa ba. Ya dubi kwalayen da ke kewaye da shi, mai yana tsatsa ta gindinsu, ya sa tafin hannu ya rufe bakinsa.

Da ƙafa ta koma, cikin tsakar rana, 'yan kabu-kabu suna yi mata oda ba ta ji. Ba kuka take yi ba tukuna. Magana biyu ce take yi mata yawo a kai, tata da tasa. Ita ta ce masa ya ɗaga kayansa sama ya jira, da zuciya ɗaya ta faɗa, da iyakar abin da ta sani game da ruwa, ya kuma ji maganar uwarsa fiye da ta mutanen da aka haifa a jirgi. Alkawari ɗaya ya taɓa karya mata a duniya, shi ma don ƙunshinta ne. Shi kuma ya ce mata, yana dariya, da tsinke a hannunsa na hagu, tarwaɗa ba ta da ƙyama, duk abin da ruwa ya rufe nata ne. 

Masu walda suna ta tartsatsi a bakin lungu. A zaure ƙwan yana ci da rana tsaka. Ummulkhairi tana tsugune bakin tabarma da kwanonta, tana kore kaza daga kifin da aka bari a zube.

“Ina kika shiga haka, Innar Suma'ila? Kin bar dukiya a buɗe. Cika mini kwanon nan, yau har da na ajiya nake so, irin wannan ba kullum ake samu ba.”

“Ba na sayarwa ba ne.”

“Wani ya riga ni?”

Ramlatu ta tsallake tabarmar. Ta wuce ɗaki ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Can ƙasansa, ƙarƙashin zannuwan biki, akwai farin yadi da wata ƙanwarta ta kawo mata daga Makka, an jiƙa shi da zamzam an shanya, ta ajiye shi don ranar da za a naɗe ta. Ta fito da shi ta shimfiɗa a tsakar gida, ƙanshin kafur ya haɗu da ƙaurin banda.

Ta fara ɗaukar kifin ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a kan yadin, a hankali, da hannu biyu. Ta kwashe masu naɗi, ta kwashe waɗanda ta ɓare, kai da ƙaya da tumbi. Garin da ya zube a tabarma ba ta sa tsintsiya ba, da gefen hannu ta tattara shi. Ta kwance ƙullin mayafinta ta zuba anzar a tsakiya.

Ummulkhairi ta yi ta kallo, ta dubi yadin, ta dubi kifin, ta dubi fuskar maƙwabciyarta. Kwanon ya suɓuce daga hannunta ya yi ƙara a ƙasa.

“Innar Suma'ila,” ta ce da ƙyar. “Wancan kwalin... miyar da muka...”

“Ba ki sani ba, ni ma ban sani ba. Allah ne ya sani.” Ramlatu ba ta ɗago ba. “Je ki kira mini maigidanki, ki ce ya zo da abin haƙa. Ba salla na ce a yi ba, kada wani malami ya zo yana yi mini bayani. Rami kawai nake so, a wuri mai tudu, inda ruwa ba ya kwanciya.”

Ummulkhairi ta fita da gudu tana salati. Ramlatu ta durƙusa ta kama bakin yadin da hannun dama za ta rufe. Sai ta dakata, ta saki, ta sauya hannu, ta naɗe shi ta hagu.